Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Shari'a: Alƙali Ya Ji Ta Bakin Mai Neman Mafaka Kafin A Tisa Ƙeyarsa

Mai girma Babban Lauyan Tarayya kuma Ministan Shari'a,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ban saba rubuta wa manya ba, don haka ka yafe mini in na tsallake kirari na faɗa kan magana.

Ni tsohon tafintan kotu ne a nan Sakkwato. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina tsaye tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma, ina kai magana ina dawo da ita, har na yi ritaya. A tsawon wannan aiki ban taɓa ganin an yanke wa ɓarawon akuya hukunci ba sai an karanta masa tuhuma cikin harshen da yake ji. Ranar da ban zo ba, alƙali ɗage zama yake yi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya wajabta haka, ka kuwa fi ni saninsa. To ranka ya daɗe, abin da ɓarawon akuya ke samu kyauta shi ne wanda ya gudo da ransa ya nemi mafaka a ƙasar nan yake rasawa. A ƙi kokensa a takarda guda, a sa shi mota, a sauke shi a bakin iyaka, ba alƙalin da ya ga fuskarsa.

Wani bawan Allah ya zauna a ɗakunan baya na gidana kusan shekara biyu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin iyalinsa na nan kuma tsoro bai sake su ba. Yaran unguwa Mushe suke ce masa, yadda ake kiran malami a makarantun Faransanci, saboda malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a ƙasarsu, a wani ƙauye can arewacin jihar Tawa ta Nijar. Ka san abin da ya sami wannan yanki. A watan Maris na 2021 'yan bindiga a kan babura suka shiga ƙauyukan Tilliya suka kashe mutum 137 a yini ɗaya, gwamnatin Nijar da kanta ta faɗi adadin. Ƙauyensu ya tsira a ranar, amma daga baya masu baburan suka zo makarantarsa, suka tara littattafai a tsakar fili suka cinna musu wuta, suka ce masa in suka sake samunsa da alli a hannu a nan za a binne shi. Suka ɗora wa ƙauyen haraji da sunan zakka. Da yake shi ne mai rubutu, shi aka sa ya riƙa rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba. Ranar da jami'an tsaro suka iso, wannan takarda ta zama shaida a kansa cewa yana yi wa 'yan ta'adda aiki. Gaba kura, baya sayaki. Ya kwaso matarsa da 'ya'ya uku suka biyo ta Kwanni, suka shigo Illela, suka iso Sakkwato.

Bai ɓuya ba, kuma wannan shi ya fi ƙona mini rai. Da ya yi abin da dubbai ke yi, ya saje cikin gari ya ce shi ɗan Gada ne ko ɗan Tangaza, wa zai gane? Hausarsa tamu ce, kamanninsa na Adarawan da muke kwana muke tashi da su. Amma malami ne, mai girmama takarda. Ya ce ba zai zauna a ƙasar mutane kamar ɓarawo ba. Da ƙafarsa ya je ya ce mafaka yake nema.

Aka yi masa tambayoyi da Turanci, shi kuwa Faransanci ya karanta. Wanda aka jawo ya fassara wani yaro ne da ya shigo ofishin don wata hidimar kansa. Na ga kwafin bayanin da aka sa Mushe ya sa wa hannu. Inda ya ce sun yi masa kashedi, an rubuta sun ba shi shawara ya bar koyarwa. Inda ya ce an tilasta masa rubuta sunayen masu biya, an rubuta yana taimakawa wajen tattara zakka a ƙauyensu. Duk wanda ya karanta zai ɗauka wani mutumin kirki ne mai hidimar masallaci, ya gaji da ƙauye ya taho birni neman kuɗi. Ni da na ci abinci da wannan sana'a na san yadda kalma ɗaya ke kai mutum gidan yari, ɗaya kuma ta fito da shi. Shi ya sa mu a kotu sai an rantsar da mu muke buɗe baki.

Bayan watanni amsa ta zo, layi huɗu. Ba a amince ba. Ba a faɗi dalili ba, ba a ce masa yana da damar ɗaukaka ƙara ba, balle a gaya masa ina zai kai ko kwana nawa ya rage masa. Ya kawo mini bayan isha'i, ba wuta, na karanta masa da fitilar waya. Ya ce, "Baba, ina aka rubuta laifina?" Na juya bayan takardar. Fara fat.

Muna cikin neman lauya da harhaɗa kuɗin mota aka yi kame. Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Yana zaune a rumfar wani dillalin albasa da yake riƙe wa lissafi, wasu jami'ai suka zo suna tattara baƙi marasa takarda. Da aka ce masa ina takardarka, ya ciro wadda yake da ita, wato wannan mai layi huɗu, ya miƙa da hannunsa.

Mu muna zaton yana tsare a cikin gari. Na samo wani matashin lauya, ɗan abokina, muka kwana muna rubutu. Yaron ya san aikinsa. Ya ce ƙa'idojin ƙarar tauye haƙƙi na 2009, waɗanda marigayi Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu, sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, kuma alƙali na iya ba da umarnin gaggawa tun kafin ya ji ɗaya ɓangaren matuƙar rai ko 'yanci na cikin haɗari. Muka shirya takardar rantsuwa, muka jera sassan doka, muka zauna jiran Litinin a buɗe rajista. Ranar Lahadi da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar Nijar. "Baba, ina Kwanni tun daren Juma'a, sun ce za a wuce da ni Tawa." Layin ya yanke. Na yi ta kira har cajina ya ƙare. Daga Sakkwato zuwa Illela ba ta kai tafiyar awa biyu ba, ranka ya daɗe, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin kuwa awa sittin ne da ɗoriya. Lauyan ya dubi takardun da muka ɓata dare a kansu ya ce, "Baba, yanzu me za mu roƙi kotu ta hana?"

Ba ofishinka ya sa shi a mota ba, kuma ban rubuto don in kai ƙarar kowa ba. Waɗanda suka yi, sun yi ne don ba abin da ya tare musu hanya. Ni kuma abin da nake tambayarka shi ne, me ya sa ba abin da ya tare musu hanya?

Don in ana maganar takardu, masha Allah, ba mu da na biyu. Mun shiga yarjejeniyar Geneva ta 1951 tun 1967, sashenta na 33 kuwa ya hana mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Mun shiga ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka yi a Adis Ababa a 1969, wadda ta zarce ta Turawa faɗi, domin ta ce wanda ya gudo saboda rikicin da ya dagula zaman lafiya a duk ƙasarsu ko a wani yanki nata, shi ma ɗan gudun hijira ne. Wani yanki nata. In arewacin Tawa bai shiga wannan ba, ban san inda zai shiga ba. A 1989, zamanin soja ma, aka yi doka mai lamba 52 ta shigo da waɗannan yarjejeniyoyi cikin gida, ta kafa kwamitin tantancewa da hukumar ɗaukaka ƙara, ta ce mai neman mafaka zai zauna har a gama da maganarsa. A ƙarshen mulkin marigayi Buhari aka sabunta ta. Ga dokar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda sashenta na 12 ya ba kowa damar neman mafaka ya kuma hana korar baƙi jumla, kuma tun shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Gani Fawehinmi cewa kotunanmu na aiki da ita. Sashe na 46 na kundin tsarin mulki cewa ya yi duk mutumin da ake shirin tauye wa haƙƙi ya je Babbar Kotu. Mutum ya ce, bai ce ɗan ƙasa ba. Duk wannan yana nan a rubuce, an ɗaure shi da bango mai kyau, yana kan kanta a ofishinka. Motar da ta tafi Illela ba ta tsaya ta karanta ko ɗaya ba.

Kar ka ce mini wannan ɓacin rana ne na ƙananan ma'aikata a bakin iyaka. A tsakiyar Abuja aka yi wanda ya fi shi. Ranar 5 ga Janairun 2018 aka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe da abokansa, jagororin 'yan awaren yankin Kamaru mai magana da Turanci, a wani otal. Kafin watan ya ƙare an kwashe mutum 47 an miƙa wa Yawunde, alhali da yawansu masu neman mafaka ne da aka yi wa rajista. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito fili ta ce an karya doka. Lauyoyi, cikinsu har da Femi Falana, suka garzaya kotu. Ranar 1 ga Maris na 2019 Mai shari'a Anwuli Chikere ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa korar haramtacciya ce, ta saɓa wa kundin tsarin mulki, ta ce a biya su diyya kuma a dawo da su. Hukunci mai kyau, wanda ɗaliban lauya za su yi ta karantawa. Wata biyar bayan haka, a Agustan 2019, kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai.

Ihu bayan hari ke nan. Ban ce ra'ayinsu na raba ƙasa daidai ne ba, ba ruwana da siyasar Kamaru, kuma in akwai laifin da ake zarginsu da shi akwai hanyar miƙa mai laifi, wadda ita ma ta gaban alƙali take bi. Abin da nake nuna maka shi ne kotu ta yi magana bayan shekara guda, lokacin da maganar ba ta da sauran amfani ga waɗanda aka yi dominsu. Na san ba kai ke kan kujerar ba a lokacin. Amma gwamnati aka ba umarni, gwamnati kuwa ba ta ritaya. Sashe na 287 ya ce kowace hukuma da kowane mutum dole su aiwatar da hukuncin kotu. Ina aka kwana a wannan? In mutanen da ke da manyan lauyoyi, da jaridun duniya a bayansu, da hukunci a hannu, ba su ga komai ba, me malamin lakwal mai riƙe lissafin albasa zai sa rai da shi?

Mu tsofaffi muna tuna wata. A Janairun 1980 aka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka kai shi Chadi aka ce ba ɗan Najeriya ba ne. Gwamnatin marigayi Shehu Shagari ce, ɗanmu ne na Sakkwato, Allah ya jiƙansa, amma gaskiya ba ta da ɗan gida. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, mutumin ya dawo gidansa. Ina sabon shiga aiki a lokacin, na tuna yadda manyanmu a rajista suke tafiya da ƙafaɗa a sama, wai kotu ta nuna wa gwamnati iyakarta. Amma Shugaba Darman yana da jam'iyya a bayansa, kuma inda aka jefa shi ba wanda ke jiransa da bindiga. Wanda aka mayar wa masu neman ransa ba ya samun damar dawowa ya ci nasara a kotu.

Shi ya sa buƙatata guda ce, sauran duk 'yan rakiya ne. Daga ranar da aka ƙi koken mai neman mafaka, kada kowa ya taɓa shi har wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika, in ya ɗaukaka har a gama, in ya tafi kotu har alƙali ya yi magana. Shigar da ƙarar kanta ta zama birki, ba sai an tsaya neman oda ba. Wannan bai fi ƙarfinka ba. Kai ne babban mai ba gwamnati shawara kan doka, in ka rubuta wa hukumomin da ke riƙe da iyakoki cewa ga abin da doka ta ce kuma duk wanda ya tsallake shi zai amsa da kansa, za a ji. Na ga yadda takarda mai hatimin ofishinka ke sa manyan mutane miƙewa tsaye.

Turawan da muke zagi kan wulaƙanta baƙi, a wannan gaɓar sun tsere mana. A watan Yunin 2022 jirgin farko da Birtaniya ta shirya don kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda yana fili, an zuba masa mai, kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba da umarnin gaggawa da dare, jirgin bai tashi ba. A Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce shirin ya saɓa wa doka, saboda akwai haɗarin a sake mayar da mutanen ƙasashen da suka gudo. Gwamnatinsu ta yi ta huci, ta yi ta neman hanyar kewayewa, amma jirgin dai bai tashi ba. Ban kawo wannan don in yabe su ba, 'ya'yanmu nawa suka mutu a teku a ƙofarsu. Na kawo ne don ka ga bambancin alƙalin da ya yi magana jirgi na ƙasa da wanda ya yi magana bayan shekara.

Na san amsar da za a ba ni, tsaro. Ba sai an koya wa ɗan Sakkwato wannan ba. Lakurawa daga ƙetare suka shigo suka zauna wa mutanen Tangaza da Gudu a wuya, gabashin jiha kuwa Isa da Sabon Birni sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Ni ma na je ta'aziyyar da ba a ga gawa ba. Amma yarjejeniyar 1951 ɗin da kanta ta cire wanda ya aikata manyan laifuka daga kariya, ba ta ce a rungumi mai kisa ba. In akwai shaida a kan mutum, a kawo ta gaban alƙali, a tsare shi, a hukunta shi. Wace irin dabarar tsaro ce a kama wanda ake zargi da ta'addanci a kai shi bakin iyaka a sake shi? Iyakar da kowa ya san babur na ƙetare ta ta hanya ɗari? In ɗan ta'adda ne, kafin motar da ta kai shi ta dawo gari ya riga ta isowa. Wanda ba ya dawowa shi ne mai gaskiyar da ya kai kansa ofis. Kuma duk baƙon da ya ji labarin Mushe a kasuwa ya ɗauki darasi, ba zai taɓa zuwa ya rubuta sunansa ba. Kun koya wa mutane ɓuya, sannan ku ce ba ku san su wa ke cikin ƙasa ba.

Sannan ka tuna mu ma muna da 'ya'ya a gidan mutane. Tun 2019 dubun dubatan mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, akasarinsu mata da yara. Mutanen Gidan Runji da ƙauyukan kewaye suka buɗe musu gidaje tun kafin wata hukuma ta iso, suka raba gero da su a shekarar da su ma ba su ƙoshi ba. In gobe wani jami'i a can ya tashi da ƙafar hagu ya loda su a mota ya sauke su a dajin Sabon Birni, da wane baki za mu yi magana? An taɓa yi mana. A Janairun 2019, bayan harin Rann a Borno, Kamaru ta koro dubban 'yan Najeriya da suka tsallaka, ta mayar da su garin da aka ƙone, muka yi ta kuka a rediyo. Shekara guda ke nan cif bayan mun miƙa musu nasu mutum 47. A Abuja kuwa aka zauna a watan Yunin 2016, mu da Kamaru da Chadi da Nijar, aka sa hannu cewa ba za a tilasta wa kowa komawa ba. An ci abinci, an ɗauki hoto.

Abin ma zai ƙara tsanani. Da can ɗan Nijar ko ɗan Mali da ya gudo bai damu da neman mafaka ba, yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta rufa masa asiri. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice. An ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice kafin a ga abin da hali zai yi, amma wannan alfarma ce, ana iya janye ta da sanarwa ɗaya. Mun ga yadda aka rufe Illela bayan juyin mulkin Yulin 2023, watanni motoci na jere albasa na ruɓewa. Ranar da alfarmar ta ƙare, dokar mafaka kaɗai za ta rage wa waɗannan mutane, kuma a ƙofarmu za su fara tsayawa, ba a ƙofar Abuja ba.

Ranka ya daɗe, ka bar ni in yi maganar da ba ta cikin littattafan lauya. Lokacin da sahabbai suka yi hijira Habasha, Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da kyautar fatu, suka bi fadawa ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka roƙa shi ne a miƙa musu mutanen ba tare da sarki ya yi magana da su ba. Wannan ne gaba ɗaya dabarar, kada a ji ta bakinsu. Fadawa suka goyi baya. Najjashi ya fusata ya ce ba zai miƙa mutanen da suka zaɓi maƙwabtakarsa ba sai ya kira su ya ji. Ya kira, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi bayani, aka mayar wa 'yan aiken kyautarsu. Sarkin ba Musulmi ba ne a ranar. A Suratut Tauba, aya ta 6, an ce ko mushiriki ne ya nemi mafaka a ba shi, sannan a isar da shi inda zai aminta. Mu kuma nan garin 'yan hijira ne suka kafa shi. A 1804 Shehu Usmanu ya bar Degel ya nufi Gudu da jama'arsa saboda Gobir ta yi musu zafi. Duk mai alfahari da Sakkwato jikan ɗan gudun hijira ne ko jikan wanda ya sauke shi. Kunya ta kama ni ranar da matar Mushe ta tambaye ni ko a garin Shehu ma ana haka.

Sauran abubuwan kai ma ka san su. A rubuta wa mutum dalilin ƙin kokensa, da inda zai kai ƙara, da kwanakin da ya rage masa, cikin harshen da yake karantawa. A rantsar da tafinta. Mu da muka yi ritaya muna nan muna zaman kashe wando, wasunmu na jin Faransanci da Zabarmanci da Fulatanci da yaren Buzaye, ba za mu ƙi a kira mu ba. Na san ba kai ke ba alƙalai umarni ba, amma kana iya zama da Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya a samo yadda za a riƙa samun alƙalin ko-ta-kwana a ƙarshen mako a jihohin bakin iyaka, kamar yadda ake ajiye alƙalin hutu. Kotun na nan a Sakkwato, ginin na tsaye. Hukumar ba da tallafin lauya kuma a ce mata baƙo ma mutum ne. Maganar makarantar yaran da ta asibiti na bar ta sai wani jiƙon.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaban Ƙasa ya tsaya a Dandalin Eagle ya ce za a yi mulki bisa kundin tsarin mulki da bin doka. Kai ma ka yi rantsuwa a kan wannan kundi. Ban nemi a ba kowane mai nema mafaka ba. Wasu ƙarya suke yi, na yi shekara talatin ina fassara ƙarya, na san kamanninta. Alƙali ya saurara, in ya ce mutum ya tafi, ya tafi.

Matar tana nan a ɗakin baya, tana yi wa maƙwabta surfe da wankau. Na daina karɓar haya. Ita ma sunanta na cikin waccan takarda mai layi huɗu, don haka ko kasuwa ba ta zuwa, in aka yi sallama da baƙuwar murya sai ta tura yara ƙarƙashin gado. Babbar 'yar, mai shekara goma sha ɗaya, ita ke zuwa kowace Juma'a bayan la'asar ta ce in gwada lambar nan. Ina gwadawa a gabanta, in sa a sifika don ta ji da kunnenta. Wata mata ce ke amsawa da Faransanci, yarinyar ta fassara mini, wai ba a samun mai wannan lamba a yanzu.

Takardun da muka rubuta a daren nan suna cikin jakata, ba a buga musu hatimi ba. Lauyan ya ce in an canza suna za su yi wa matar aiki, amma yana tsoron ranar da muka shigar ita ce ranar da za a san inda take. Ka gaya mana, mu shigar ko mu bari?

Wassalam.

Tsohon tafintan kotu,
Sakkwato.